Poyais: Gwamnatin da Ta Mallaki Komai Ban da Ƙasa

Ranar 29 ga Afrilu, 1820, a wani tsinin gaɓar teku da ake kira Cape Gracias a Dios, inda Honduras da Nikaraguwa suka yi iyaka a yau, sarkin mutanen Miskito, George Frederic Augustus, ya sa hannu a wata takarda. Takardar ta ba wani tsohon sojan Birtaniya mai suna Gregor MacGregor, shi da magadansa, fili mai faɗin eka miliyan 8, kimanin murabba'in kilomita 32,000 ke nan. Filin ya fi jihar Kano ta yau faɗi nesa ba kusa ba. Tukuicin da sarkin ya samu barasa ce da kayan ƙyale-ƙyale.

Cikin duk takardun da suka biyo baya, wannan ce kaɗai ta gaske, kuma ko ita ba ta faɗi abin da MacGregor ya riƙa cewa ta faɗa ba. Fili ta ba shi, ba sarauta ba. Shi kansa sarkin da ya bayar ba wani iko gare shi a kan dajin ba. Turawan Ingila ne suka daɗe suna naɗa sarakunan Miskito don su toshe wa Sifaniya hanyar cewa gaɓar tata ce. A kan wannan 'yar takarda MacGregor ya ɗora ƙasa sukutum, ya raɗa mata suna Poyais, ya naɗa kansa shugabanta, ya kuma riƙe kujerar shekara goma sha shida, yana sauya mata suna duk lokacin da kasuwa ta buƙata. Gwamnatinsa ta ci bashi a kasuwar Landan, ta buga kuɗi, ta naɗa jakada, ta ba da muƙaman soja, ta tura jiragen ruwa cike da 'yan ƙaura. Mutum 180 aƙalla suka mutu a dalilinta. Ba kotun da ta taɓa kama shi da laifi.

Maƙaryata ba su taɓa yin ƙaranci a duniya ba, don haka ƙaryar kanta ba ita ce abin nazari ba. Abin dubawa shi ne yadda aka jera sassanta, wane ne ya riga wane, da kuma inda kowanne ya tsage.

Atisayen da ya riga Poyais

An haife shi ranar 24 ga Disamba, 1786, a Glengyle ta ƙasar Sikotlan. Ya shiga sojan Birtaniya a 1803 yana ɗan shekara 16. A wancan zamani muƙamin hafsa saye ake yi kamar gona, kuma da saye ya hau: danginsa suka saya masa na farko, da ya auri 'yar wani babban hafsan sojan ruwa a 1805 kuma ya sayi na kyaftin. Ya taɓa hidima a Fotugal, ya saɓa da na gaba da shi, ya bar soja a 1810. Matar ta rasu a ƙarshen 1811, rufin asirinsa ya tafi tare da ita. Sai ya nufi Benezuwela a 1812, inda ake yaƙin ƙwatar 'yanci daga Sifaniya. Janar Francisco de Miranda ya ba shi rundunar mahaya, ya kuma auri Josefa, wadda take dangin Simón Bolívar, jagoran yaƙin ƙwatar 'yancin.

A yi masa adalci a kan abu guda. A 1816 ya ja wata runduna da aka bari a tsakiyar abokan gaba, daga Ocumare zuwa garin Barcelona na Benezuwela, tafiyar kwana 34 ana tafe ana gwabzawa, ya kuma kai ta. Bolívar da kansa ya yaba masa. Wannan tafiya ita ce jarin da ya ci har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarar da ta biyo baya ce ta nuna irin shugaban da zai zama. Ya zagaya Amurka yana sayar wa masu kuɗi takardun filaye a Florida, alhali Florida na hannun Sifaniya. Ranar 29 ga Yuni, 1817, ya kama tsibirin Amelia da ke gaɓar Florida da mutanen da ba su kai 80 ba, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Ya kafa tuta, farin ƙyalle mai koren gicciye, ya yi shelar jamhuriya, ya buga dalolinsa ya riƙa biyan sojoji da su. Da ya ji Sifaniyawa na taruwa a tsallake, farkon Satumba ya shiga jirgi ya bar mutanensa. A Afrilun 1819 ya kama Porto Bello a Panama, da aka kawo farmaki da asuba ya dira ta taga ya kai kansa jirgi. A Oktoba ya maimaita a Rio de la Hacha, inda har ya laƙaba wa kansa sarautar Inka, laƙabin tsofaffin sarakunan Peru. Bolívar ya ba da umarnin a rataye shi in ya sake taka ƙasar.

Duk kayan aikin Poyais suna nan a Amelia: sayar da filin da ba ya hannunka, tuta, shela, kuɗin takarda, da sanin lokacin cika wando da iska. Darasin da ya ɗauka daga can shi ne, riƙe ƙasa ta gaske yana da tsada kuma ana iya harbin mutum. Ƙasar da ba ta wanzu ba kuwa ba mai zuwa ya ƙwace ta.

Yadda aka harhaɗa gwamnatin

Ya iso Landan a tsakiyar 1821 da laƙabin Cazique, kalmar da Sifaniyawa suke kiran sarakunan 'yan asalin Amurka da ita. Ya ce ya zo ne a madadin mutanensa domin bikin naɗin Sarki George na Huɗu, ya kuma nemo masu zuba jari da masu son ƙaura. Lokacin ya dace da shi. Daular Sifaniya na wargajewa, sababbin ƙasashe na ɓullowa kusan kowace shekara da sunayen da ba a saba ji ba, taswira ba ta gama zama ba. Wanda ya ji sunan Kolombiya jiya, ba abin da zai sa ya yi gardamar Poyais yau.

Bai fara da neman kuɗi ba, kuma nan ne gwanintarsa take. Ya fara da aron mutunci. Wani Manjo William John Richardson ya yarda da shi har ya ba shi katafaren gidansa, Oak Hall da ke Wanstead, ya zama fadar Cazique. Shi kuma ya naɗa Richardson shugaban ofishin jakadancin Poyais, aka buɗe ofishin a Dowgate Hill, tsakiyar unguwar 'yan kasuwar Landan. Aka shiga liyafa ana gayyato manya. Wanda ya ci abinci a teburin shugaban ƙasa, washegari shi ne zai ba abokansa labarin ƙasar, kuma ba a biya shi ko sisi ba.

Daga nan aka shiga aikin takarda. An tsara majalisar dokoki mai zaure uku. An zana kakin kowace runduna ta sojan Poyais. An ƙirƙiro lambobin girmamawa da sarautu, da tambarin ƙasa, aka kuma dawo da tutar nan mai koren gicciye ta Amelia. A 1822 aka wallafa littafin jagora mai shafi 355 da sunan wani wai shi Kyaftin Thomas Strangeways, dogarin Cazique. Yawancin abin da ke ciki an kwaso shi ne daga tsofaffin littattafai a kan yankin, aka shafa masa shuni. Littafin ya ce ana girbin masara sau uku a shekara, kifi da naman daji sun yi yawa har farautar wuni ɗaya ta ciyar da gida mako guda, akwai zinariya a cikin koguna. Ya ce babban birnin, St Joseph, yana da manyan tituna, da gidan wasan kwaikwayo, da majami'a mai ƙubba, da banki, da fada, da dubban mazauna. Sunan bai faɗo daga sama ba. Turawan Ingila sun taɓa zama a bakin kogin Black River, suka tashi a 1787 bayan yarjejeniya da Sifaniya, daji ya cinye kangon. Wanda ya je ya bincika tsohuwar taswira zai ga alamar gari a wurin, ya dawo hankalinsa a kwance.

Kowace takarda wata take yi wa shaida. Littafi ya ce akwai banki, ga kuma takardar kuɗin bankin a hannu. Takardar kuɗi ta ce akwai gwamnati, ga ofishin jakadancinta a Dowgate Hill. Mai shakka sai ya yi ta zagaye a cikin da'irar, ko'ina ya juya ya ga tabbaci. Hanya ɗaya ce ta fita daga da'irar: mutum ya hau jirgi ya yi wata biyu a teku ya gano wa idonsa, ya sake yin wata biyu ya dawo da labari.

Baitulmali

Ma'aikatu biyu kaɗai suka taɓa yin aiki a gwamnatin Poyais, ta watsa labarai da ta kuɗi. Ta kuɗin ƙofa huɗu gare ta.

Fili shi ne na talaka. An buɗe ofisoshi a Landan da Edinburgh da Glasgow, ana sayar da eka ɗaya sule biyu da taro. Dattawan da suka riski kuɗin fam da sule kafin zuwan naira ba sai an fassara musu ba. Wannan kusan ladan wuni ɗaya ne na lebura a lokacin. Eka ɗari ta kama fam 11 da sule 5, abin da mai sana'a zai iya tarawa in ya ƙuntata wa kansa. A Yulin 1822 aka ɗaga farashi zuwa sule biyu da sisi, aka ci gaba da ɗagawa har sule huɗu. Ɗagawar ita kanta talla ce: wanda ya saya jiya yana ganin ya ci riba, wanda bai saya ba yana ganin za ta wuce shi. Zuwa farkon 1823 kimanin mutum 500 sun saya, da yawansu da duk abin da suka mallaka. A takarda, eka miliyan 8 a farashin farko fam 900,000 ce, a na ƙarshe fam miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. An fi ƙarfafa tallan a Sikotlan, da jaridu da ƙasidu har da waƙoƙin da aka biya aka tsara. MacGregor ya san mutanensa ba su manta da Darien ba, mulkin mallakar da Sikotlan ta gwada kafawa a Panama a ƙarshen shekarun 1690 ya rushe da dukiyar jama'a. Poyais ta zo musu kamar ramuwa.

Sai muƙamai. An sayar da hafsoshin sojan Poyais, an raba kujerun ma'aikatan gwamnati. Wani ma'aikacin banki a Landan ya karɓi shugabancin Bankin Poyais. Wani baduku a Edinburgh ya karɓi aikin ɗinka wa Gimbiyar Poyais, wato matar MacGregor, takalma, ya bar iyalinsa ya tafi.

Ƙofa ta uku ita ta fi muni. MacGregor ya sa maɗaba'ar da ke buga wa Bankin Sikotlan kuɗi ta buga masa takardun dalar Poyais guda 70,000. Takardar tana da kyau, ga tambari ga zane, tana alkawarin biyan mai riƙe da ita dala ɗaya ta azurfa a ofishin banki da ke St Joseph. Aka gaya wa masu ƙaura cewa kuɗin Ingila ba zai yi musu amfani a can ba, suka miƙa fam da zinariyarsu suka karɓi wannan. Wanda ya yi canjin ya sayar da tikitin dawowarsa ke nan bai sani ba.

Ta huɗu, bashin gwamnati, ita ce ta manya, kuma tana bukatar a bi ta daki-daki. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, takardun lamunin gwamnatin Birtaniya kashi 3 cikin 100 suke bayarwa a shekara. Masu kuɗi suka juya ga sababbin ƙasashen Amurka ta Kudu. Kolombiya ta ci bashin fam miliyan 2 a 1822 a kan ruwan kashi 6, Chile da Peru suka bi sahu. Ranar 23 ga Oktoba, 1822, Poyais ta fito da nata: fam 200,000, ruwa kashi 6, wa'adin shekara 30, jingina kuwa kuɗin shigar gwamnatin Poyais. Bankin da ya tsaya mata shi ne na Sir John Perring da abokan cinikinsa, kuma Perring ya taɓa zama magajin garin Landan. Takardun na fam 100 ne da 200 da 500, ana sayar da su a kan kashi 80 na ƙimarsu. Ma'ana, ka biya fam 80, a rubuta maka 100, a riƙa ba ka fam 6 duk shekara. Ribar ta zama kashi bakwai da rabi, ninki biyu da rabi na abin da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa. Ba kuma sai ka biya duka nan take ba. Kashi 15 kawai za ka ajiye kafin alƙalami, a ba ka takardar wucin gadi da za ka iya sayarwa gobe in farashi ya hau, ragowar ka cika a kashi biyu, ranar 17 ga Janairu da 14 ga Fabrairu, 1823.

A lura da kwanan wata. Jirgin farko na masu ƙaura, Honduras Packet, ya bar Landan ranar 10 ga Satumba, 1822, da mutum kimanin 70. An fito da bashin bayan mako shida, jirgin na tsakiyar teku. Duk wanda ya tambayi shaidar cewa Poyais na nan, sai a ce masa ai ga jirgi can ya tafi da likitoci da lauyoyi. Jirgi na biyu, Kennersley Castle, ya tashi daga Leith, tashar jirgin ruwan Edinburgh, ranar 22 ga Janairu, 1823, da mutum kusan 200, tsakanin ranakun biya na ɗaya da na biyu. Mutanen da ke cikin jiragen nan su ne tallan takardun lamuni. Ana yawan cewa abin mamaki ne ɗan damfara ya kashe kuɗi ya yi hayar jirgi ya cika shi da abinci da magani, har wasu na ganin ƙila shi ma ya fara gaskata kansa. Lissafin bai buƙaci wannan bayani ba. Hayar jirgi biyu ba komai ba ce kusa da fam 160,000 da bashin zai kawo da an cika biya.

Ba a cika ba, kuma ba don asiri ya tonu ba. Matsalar daga Kolombiya ta taso. Gwamnatinta ta nuna cewa wakilinta a Landan, Francisco Antonio Zea, ya wuce iyakar ikonsa wajen ƙulla bashin fam miliyan biyun nan, sai ga shi kuma ya mutu a Nuwamban 1822. Kasuwa ta tsorata da duk takardar da ta fito daga wannan yanki. Farashin ta Poyais ya faɗi, kuma a nan ne dabarar kafin alƙalami ta juyo ta sari mai ita. Wanda ya biya kashi 15 kawai, ya fi masa sauƙi ya haƙura da shi da ya zuba sauran. Yawancinsu suka ƙi cikawa. Abin da ya sauƙaƙa shiga shi ya sauƙaƙa fita. Duk da haka an ƙiyasta cewa abin da ya shiga hannun MacGregor zuwa lokacin ya kai fam 50,000.

Bakin kogi

Honduras Packet ya isa bakin Black River a Nuwamban 1822. Ba tashar jirgi, ba ƙubba, ba jami'in da ya fito tarye. Daji ne da fadama da sauro. Fasinjojin suka ɗauka kuskuren wuri aka yi, suka kafa bukkoki a gaɓa, suka tura 'yan bincike cikin daji neman St Joseph. Abin da suka samo 'yan tubalan tsohon kango ne. Ana cikin sauke kaya guguwa ta taso, jirgin ya ɗaga ya tafi da kaso mai yawa na abinci da magunguna.

Jagoransu, Hector Hall, tsohon hafsa ne da MacGregor ya naɗa mataimakin gwamna. Ya gane tun da wuri cewa an cuce su, amma ya ja bakinsa don kada zukata su karaya. Ana iya fahimtar dalilinsa, sai dai shirun ya ci lokacin da ba su da shi. Ya riƙa zirga-zirga zuwa Cape Gracias a Dios yana neman jirgi. A ƙarshen Maris 1823 Kennersley Castle ya iso ya juye mutum kusan 200 a kan waɗanda ke ƙasa, shi ma ya juya. Damina ta sauka. Bukkokin da aka yi cikin gaggawa suka riƙa yoyo, ruwan sha ya gurɓata, shawara da zazzaɓin cizon sauro suka shigo. Mutanen da aka kwaso ba majiya ƙarfi ne masu sare daji ba, akwai magatakarda da masu shago da tsofaffi da ƙananan yara, domin gari aka ce musu za su, ba daji ba. Wani mai tsaga katako, James Hastie, ya binne 'ya'yansa biyu a wannan tafiya. Badukun nan na Gimbiya ya harbe kansa.

A watan Mayu wani ƙaramin jirgi mai suna Mexican Eagle daga Belize, yankin da Birtaniya ke riƙe da shi a wannan gaɓa, ya biyo ta wurin ɗauke da babban majistaren Belize, Marshal Bennet. Shi ya fara gaya musu ƙarara cewa ba wata ƙasa Poyais, kuma bai taɓa jin labarin wani Cazique ba. Sarkin Miskito ya soke kyautar filin, ya ce bai taɓa ba MacGregor sarauta ko izinin sayar da fili ko cin bashi a kansa ba. Ya ce in suna so su zauna, sai su yi masa mubaya'a. Sawu uku jirgin ya yi kafin ya kwashe su zuwa Belize, inda mutuwar ta ci gaba. Shugaban yankin, Manjo Janar Edward Codd, ya buɗe bincike ya aika Landan. Kafin saƙon ya isa wasu jiragen sun riga sun kama hanya. Sojan ruwan Birtaniya suka tare biyar. Wani jirgin mai suna Skeen, ɗauke da 'yan Sikotlan 105, ya isa Black River ya tarar da kufai, ya wuce Belize. Cikin mutum kimanin 250 na jiragen farko biyu, waɗanda suka sake taka Birtaniya ba su kai 50 ba.

Sun iso Landan ranar 12 ga Oktoba, 1823. MacGregor ya riga ya haye Faransa 'yan kwanaki kafin nan. Jaridu suka kwashe labarin, sai kuma abin da ba a zata ba ya faru: wasu daga cikin waɗanda suka tsira, har da Hastie, suka sa hannu a takardar rantsuwa cewa ba laifin Cazique ba ne, laifin Hall ne da sauran jagororin tafiya. Da shi ya raka su, in ji su, da ba haka ba. Wannan ba wauta ba ce kawai. Hall suka gani a bakin kogi yana kai da komo hannu wofi. MacGregor kuwa ganinsa na ƙarshe da suka yi yana cikin kwalekwale a Leith yana yi musu sallama, bayan ya yafe wa mata da yara kuɗin jirgi. Shugaban da ba ya wurin da abu ya lalace, wakilinsa ne ke shan zagi. Shi ma ya kama wannan igiya: ya ce shi aka cuta, wakilansa sun ci amana, 'yan kasuwar Belize sun yi wa Poyais zagon ƙasa don kishin ciniki. Richardson ya shigar da ƙarar ɓata suna a kan wasu jaridu a madadinsa.

Daga sarauta zuwa jamhuriya

A Faris ya sake shiri. Mutumin da ya yi suna da yaƙar Sifaniya, a Nuwamban 1823 ya rubuta wa Sarki Ferdinand na Bakwai yana tayin sa Poyais ƙarƙashin inuwar Sifaniya. Ba a kula shi ba. Ya jawo wani tsohon hafsa, Gustavus Hippisley, ya sayar wa wani kamfanin Faransa, Nouvelle Neustrie, fili har eka 500,000 don kamfanin ya kai nasa 'yan ƙaurar. Wannan gyara ne na kuskuren Landan: yanzu wani ne zai tara mutane, wani ne zai yi musu alkawari.

A Agustan 1825 ya fitar da sabon tsarin mulki wanda ya mai da Poyais jamhuriya, shi kuma shugabanta. Ranar 18 ga wannan watan aka fito da sabon bashi na fam 300,000, ruwa kashi biyu da rabi, ta hannun wani ƙaramin banki a Landan, Thomas Jenkins da abokansa. Daga Perring zuwa Jenkins, faɗuwar darajar a fili take. Tsarin mulkin ba don a mulki kowa aka rubuta shi ba. Sabon bashi ne yake bukatar sabuwar riga, kuma a lokacin jamhuriya ake yayi a Amurka ta Kudu.

Abin da manyan bankunan Landan suka kasa gani, ma'aikatan ofishin fasfo na Faransa suka gan shi. Mutane suka riƙa zuwa neman fasfo na tafiya wata ƙasa da ba ta cikin kundinsu. Jami'in fasfo ba ya neman riba, ba shi da dalilin son labarin ya zama gaskiya, tambayarsa ɗaya ce: ina ƙasar take? Aka tsare jirgin kamfanin a Le Havre. Aka kama Hippisley da sakataren MacGregor, Thomas Irving, a Satumba, shi kuma aka cafke shi ranar 7 ga Disamba bayan ya yi wata uku yana ɓuya. Daga kurkukun La Force ya fitar da shela ga ƙasashen Amurka ta Tsakiya a matsayin shugaban ƙasar da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. An fara shari'a ranar 6 ga Afrilu, 1826, aka sallame shi. Aka sake zama a Yuli bayan an dawo da manajan kamfanin, Lehuby, wanda ya gudu. Ranar 14 ga Yuli kotu ta sake wanke MacGregor, ta ɗaure Lehuby wata 13. Tazarar da ya bari tsakaninsa da masu saye ita ta fitar da shi. Takardar 1820 ma ta taimaka, domin mutumin da ke riƙe da sa hannun sarki na gaske yana da wuyar kamawa da laifin ƙirƙira tsagwaronta.

Ya koma Landan, aka tsare shi kimanin mako guda aka sake shi ba tare da tuhuma ba. Rugujewar kasuwa ta 1825 ta riga ta sa takardun ƙasashen Amurka ta Kudu na gaske ma sun daina biyan ruwa, don haka a idon mutane da yawa Poyais ɗaya ce daga cikin masu cin bashi su kasa biya, ba ƙasar da babu ita ba. A 1827 ya fito da bashin fam 800,000 a kan kashi 3. Bai yi kasuwa ba, ya karyar da yawancin takardun ga 'yan tsinkayen kasuwa a kan kuɗi kaɗan. A 1828 ya koma sayar da fili, eka ɗaya sule biyar. A 1830 sabon sarkin Miskito, Robert Charles Frederic, ƙanen wanda ya yi kyautar, ya fitar da nasa takardun a kan wannan filin dai ya miƙa wa kamfanonin katako. Fili ɗaya, takarda biyu. Wasu 'yan damfarar kuma suka buɗe nasu ofisoshin Poyais a Landan suna gasa da mai ita. Masu tsofaffin takardu da suka zo neman ruwan kuɗinsu, da sababbin takardu ya riƙa biyansu.

A 1836 ya rubuta tsarin mulki na ƙarshe, na wata ƙaramar jamhuriya a kewayen Black River, wannan karon da muƙamin shugaban ƙasa kai tsaye. Takardun fili na ƙarshe da aka san ya yi ƙoƙarin sayarwa na 1837 ne. Josefa ta rasu kusa da Edinburgh a Mayun 1838, shi kuma ya tattara ya koma Benezuwela. Bolívar ya riga ya rasu tun 1830, masu mulki kuma abokan yaƙinsa ne na da. Ministan tsaro Rafael Urdaneta ya tsaya masa a gaban majalisa, Shugaba José Antonio Páez ya amince, a Maris 1839 aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, aka mayar masa da muƙamin janar da fansho na sulusin albashi. Ya mutu a Karakas ranar 4 ga Disamba, 1845. An binne shi a babbar majami'ar birnin da cikakkiyar karramawar soja, Shugaba Carlos Soublette da ministocinsa na tafe a bayan akwatin gawar.